Yadda Ake Saita Waya Ta Riƙa Yin Wasu Ayyuka da Kanta

Yawancin wayoyin da ke hannun mutane a Sakkwato, ko Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung, suna iya yin ayyuka da dama ba sai an taɓa su ba. Waya tana iya yin shiru da kanta idan an tayar da salla, ta amsa wa mai saye da tsakar dare, ta tsayar da data kafin ta ƙare, har ta tashe ka idan an kawo wuta. Na sha saita wa 'yan kasuwa da malamai da iyaye mata waɗannan abubuwa, kuma kusan duk abin da ake buƙata yana cikin wayar tun daga kamfani.

Ka'idar guda ce. Kowane saiti yana da sharaɗi, yana da aiki: idan kaza ya faru, to a yi kaza. Idan ƙarfe goma na dare ya yi, to a yi shiru. Idan batir ya sauka zuwa kashi 30, to a rage cin caji. Wanda ya riƙe wannan zai gane sauran.

Abubuwan da za ka tanada

Wayarka, da caji aƙalla rabi. Adireshin Gmail ɗin da ke kan wayar, tare da kalmar sirrinsa. Idan a shago aka buɗe maka shi kuma ba ka san kalmar ba, fara gyara wannan tukuna. Data kaɗan don sauke manhajoji. Takarda da biro. Sai wayar wani na kusa da kai, domin kowane saiti sai an gwada shi da kira ko saƙo daga waje.

Manhajojin da za su taso a gaba su ne Gboard, WhatsApp Business ga mai sana'a, manhajar lokutan salla, da MacroDroid ga mai son zurfafawa. Daga Play Store kaɗai za ka sauke su. Kada ka karɓi wadda aka turo maka ta Xender ko ta wani zaure na WhatsApp.

Sunayen wuraren da zan ambata zan rubuta su yadda suke a fuskar waya, da Turanci. Suna ɗan bambanta daga waya zuwa waya. Idan ba ka ga abu a inda na ce ba, shiga Settings, a sama akwai wurin bincike, rubuta sunan a can.

1. Rubuta abin da kake maimaitawa

Yi kwana biyu kana lura da kanka. Duk abin da ka yi da waya fiye da sau biyu a rana, rubuta shi: tura lambar asusu, duba ragowar data, rage ƙara a ƙofar masallaci, amsa tambayar "nawa ne?" Daga ciki zaɓi uku da suka fi cin lokacinka, da su za ka fara. Mai saita abu goma a zama ɗaya, idan wani ya rikice ba zai san wanne ba ne.

2. Hana wayar kashe manhajojin da za su yi maka aiki

Wannan matakin shi ne tushe, kuma shi aka fi tsallakewa. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, har da Redmi, an gina su ne su riƙa rufe manhajojin da ke aiki a bayan fage don batir ya daɗe. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa manhajar kiran sallarsa ta yi kwana biyu tana aiki sannan ta daina. Ba lalacewa ta yi ba, wayar ce ta rufe ta.

Ga kowace manhaja da kake son ta riƙa aiki da kanta, yi abu uku. Na farko, danne alamarta a fuskar waya, shiga App info, sannan Battery, ka zaɓi Unrestricted ko No restrictions. Na biyu, a Tecno da Infinix buɗe Phone Master, nemi Auto-start management, ka kunna mata. Na uku, buɗe jerin manhajojin da ka yi amfani da su kwanan nan, ka sa mata alamar kwaɗo, don kada ta tafi idan ka share sauran.

Kada ka yi wa kowace manhaja wannan gata. Uku ko huɗu sun isa, in ba haka ba batirin zai riƙa zuba. Sannan idan kana da wata manhajar "wanke waya" da ka sauke da kanka, cire ta, domin aikinta kenan rufe abin da ka bari a buɗe.

3. Shiru lokacin salla da lokacin barci

Babu wanda ke jin daɗin wayarsa ta ɗauki kiɗa ana tsakiyar sahu. Matsalar ba ta tsaya ga mantawa da rage ƙara ba. Wanda ya rage ma yakan manta bai mayar ba, sai la'asar ya tarar da kira takwas da bai ji ba. Saiti yana magance duka biyun.

Shiga Settings, sannan Sound, sannan Do Not Disturb, sannan Schedules. Ƙirƙiri sabon jadawali, sa masa suna Azahar, zaɓi ranakun mako, ka sa lokacin farawa minti biyar kafin a tayar da salla a masallacinku, lokacin ƙarewa kuma minti ashirin bayan haka. Yi wa La'asar da Isha'i haka. Juma'a a ba ta nata jadawalin daban, mai tsawo, da zai haɗa huɗuba da salla. Wanda ke zuwa Masallacin Sultan Bello ko Masallacin Shehu ya san lokacin da ake farawa a can, da shi zai yi aiki. A iPhone wannan yana ƙarƙashin Focus.

Magariba da Asuba sai an kula, saboda suna tafiya da rana. A Sakkwato rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6:10 a watan Nuwamba, amma a farkon Yuli sai wajen 7:10. Tazarar awa guda kenan. Ko dai ka riƙa gyara jadawalin Magariba duk bayan mako biyu ko uku, ko ka yi amfani da manhajar lokutan salla mai zaɓin yin shiru bayan kiran salla, wadda ita za ta riƙa bin ranar da kanta.

Idan manhajar za ka bi, duba abu uku a cikinta. Gari ya zama Sakkwato. Mu muna yamma, don haka rana tana kaiwa tsaka a nan bayan Kano da kusan minti 13, bayan Maiduguri kuma da kusan rabin awa. Mai azumin da manhajarsa ke kan Kano zai iya shan ruwa rana ba ta faɗi ba. Lissafin La'asar a sa shi kan na Malikiyya da Shafi'iyya, wanda yawanci ake rubuta wa Standard, ba na Hanafiyya ba, domin nasu yana jinkiri sosai. Kwanan watan Musulunci kuma a daidaita shi da sanarwar Fadar Sarkin Musulmi. Yawancin manhajojin suna da wurin ƙara kwana ɗaya ko rage shi. Kuma duk da haka ladanin unguwarku shi ne abin bi. Manhaja lissafi take yi.

Sai jadawalin barci, misali daga 10:30 na dare zuwa 5:00 na asuba. A nan kada ka toshe kowa da kowa. Shiga lambobinka, ka sa wa mahaifa da iyali da duk wanda zai iya nemanka da gaggawa alamar tauraro. Koma Do Not Disturb, wurin Calls, ka zaɓi Starred contacts. Kunna Repeat callers kuma: duk wanda ya sake kira cikin minti 15, kiransa zai shigo ko ba ya cikin masu tauraro. A iPhone minti 3 ne. Tabbatar Alarms a kunne yake, don ƙararrawar Asuba ta yi ƙara. Yanzu kunna Do Not Disturb, ka karɓi wayar wani da ba ka sa wa tauraro ba ka gwada: kira ɗaya ya kamata ya shigo shiru, na biyu ya yi ƙara.

4. Toshe inda data ke zurarewa

Fara da WhatsApp, nan ne ɓarnar ta fi yawa. Shiga Settings, Storage and data, When using mobile data, ka cire alama daga hotuna da sauti da bidiyo da takardu. Daga yanzu bidiyon biki da aka turo zaure ba zai sauka ba sai ka taɓa shi. A Play Store, shiga Settings, Network preferences, Auto-update apps, ka zaɓi Wi-Fi kaɗai. A Facebook kashe kunna bidiyo da kansa.

Sannan ka sa wa wayar iyaka. A Settings nemi Data warning & limit; a wasu wayoyin Tecno yana cikin Phone Master. Sa ranar da kake sayen data a matsayin farkon wata. Idan 10GB kake saye, sa gargaɗi a 7GB, iyaka kuma a 9GB. Kada ka sa iyakar daidai da abin da ka saya, domin ƙidayar waya da ta kamfanin layi ba sa zuwa ɗaya.

Tun 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta haɗe gajerun lambobin kamfanoni suka zama iri ɗaya a MTN da Airtel da Glo da sauransu: *310# duba kuɗi, *311# sa kati, *312# sayen data, *323# duba ragowar data. Ajiye kowace a matsayin lambar mutum, ka sa mata suna kamar "Ragowar data". Danne wani fili a fuskar waya, shiga Widgets, ɗauko Direct dial, ka zaɓi sunan. Taɓawa ɗaya kenan. Idan wayarka ta ƙi ɗaukar alamar # ta wannan hanya, sa wa lambar tauraro ta zauna a saman jerin kira.

Saƙonnin talla kuma, tura STOP zuwa 2442, kyauta ne. Idan daga baya kana son su dawo, tura ALLOW.

Masu zirga-zirga Illela su kashe Data roaming su bar shi a kashe. Kusa da iyaka waya tana iya kama sabis ɗin Nijar daga wajen Birnin Konni, kuma kuɗin wannan daban ne.

5. Gajerun haruffa a madadin dogon rubutu

Sauke Gboard ka mai da shi allon rubutunka. Ƙara Hausa cikin harsunansa, za ka samu ɓ da ɗ da ƙ. Shiga saitinsa, Dictionary, Personal dictionary, All languages, ka danna alamar ƙari. A layin sama rubuta cikakken abin, misali lambar asusunka mai lamba 10 da sunan banki da sunanka. A layin ƙasa rubuta gajeren, kamar "asb". Daga yanzu da ka rubuta asb, cikakken zai fito a saman allon, sai ka taɓa shi. Yi wa lambar mitar wuta haka, da kwatancen shago ko gida, irin su "Mabera, bayan masallacin Juma'a, gida na uku a dama". Mai kabu-kabu ko mai kawo saƙo zai gode maka. A iPhone wurin shi ne Settings, General, Keyboard, Text Replacement.

Gajeren kada ya zama kalmar da kake amfani da ita. Idan ka sa "kai" ko "gida", zai riƙa faɗo maka cikin hira. Bayan ka ajiye lambar asusu, karanta ta lamba-lamba ka gwada da ta katinka ko manhajar banki, saboda kuskure ɗaya a nan zai maimaitu ga duk wanda ka tura wa. Dogon rubutu, kamar jerin farashi, kwafe shi ka buɗe Clipboard na Gboard ka maƙale shi. Wanda ba a maƙale ba yana gogewa bayan awa ɗaya.

Lambar sirrin ATM, BVN, NIN da kalmar sirrin banki ba sa shiga nan ko kaɗan.

6. WhatsApp Business ga mai sana'a

Ko shago gare ka a Babbar Kasuwa, ko ɗinki kake yi a Runjin Sambo, ko ke uwargida ce mai sayar da turaren wuta daga gida a Arkilla, wannan matakin zai fi kowanne rage miki wahala. Lamba ɗaya ba ta zama a WhatsApp na kowa da na kasuwanci lokaci guda. Idan lambar da kake da ita za ka mayar, fara ajiye hirarrakinka ta Chat backup. Idan layi biyu gare ka, ba wa kasuwanci ɗaya, shi ya fi.

A cikin Business tools fara da cike lokutan buɗewa da rufewa. Sannan Greeting message, wanda ke zuwa ga wanda ya yi maka magana karo na farko, ko bayan kwana 14 ba ku yi hira ba. A taƙaita shi: "Wa alaikumus salam, barka da zuwa. Don Allah a rubuta abin da ake so da unguwar da za a kai, za mu amsa yanzu in sha Allah." Away message kuma a sa shi kan Outside of business hours: "Mun tashi, sai gobe ƙarfe 8:00 na safe in Allah ya kai mu. A bar saƙo."

Akwai wurin da mutane ke yin kuskure, wato Recipients. Idan ka bar shi kan kowa da kowa, mahaifiyarka za ta gaishe ka da dare ta samu amsar "mun tashi". Zaɓi Everyone not in address book, ko ka ware sunayen dangi da manyanka. Babba ya yi maka sallama na'ura ta amsa masa, wannan ba tarbiyyarmu ba ce.

Quick replies su ne amsoshin da ka tanada: farashi, kuɗin kai kaya, lambar asusu. Kana rubuta alamar / za su fito. Ka tuna saƙonnin nan ba sa tafiya sai wayar tana da data a kunne, kuma farashi na canjawa, ka riƙa leƙa su duk mako.

Abu ɗaya da ba zan taɓa ba da shawarar a saita ba shi ne amsar "mun ga kuɗi". Ana ƙirƙirar alat na bogi, ana gyara hoton rasit. Buɗe manhajar bankinka da hannunka, ka ga kuɗin sun zauna, sannan kaya su fita.

7. Tunatarwa da saƙon da zai tafi a kan lokaci

Buɗe Google Calendar, danna alamar ƙari, rubuta abin, sa lokaci, ka canja Does not repeat zuwa kullum ko mako-mako ko wata-wata. Zubin adashi, kuɗin haya, sayen katin wuta, ranar Lahadi da ranar Laraba da dare ga mai azumin Litinin da Alhamis, duk nan ne wurinsu. Mai jego ta ɗauko katin asibiti ta shigar da ranakun rigakafin jariri gaba ɗaya a zama guda: mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, da duk abin da aka rubuta mata. Mai ciki ta yi wa ranakun awo haka. Sa tunatarwar ta zo kwana ɗaya kafin ranar, don a shirya kuɗin mota.

Magani na kullum, kamar na hawan jini ko ciwon suga, ƙararrawar agogo ta fi dacewa da shi, saboda ba ta yin shiru sai an kashe ta. Rubuta mata sunan maganin. Abin da ke bin watan Musulunci, kamar azumin 13 da 14 da 15, ba ya maimaituwa daidai a kalandar Bature. Shigar da shi da hannu bayan an sanar da ganin wata.

Idan ka tuna da saƙo ƙarfe ɗaya na dare, ba sai ka tashi mutum ba. A Google Messages rubuta shi, danne madannin turawa, ka zaɓi rana da lokaci. Gmail da Telegram ma suna da wannan. Sai dai wayar ta kasance a kunne da sabis da kuɗi a lokacin, idan saƙon tes ne.

8. Batir da zafin gari

A Settings, Battery, Battery saver, sa ya kunna kansa a kashi 30. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 da 35, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi yana wuce 40. Zafi da cika caji har 100 kullum su ke tsufar da batir. Samsung yana da Battery protection, sababbin iPhone suna da iyakar kashi 80. Idan wutarku tana samuwa ko kana da sola, kunna shi. Idan kuwa caji sai an kai wa mai janareto, bar shi ya cika, buƙatarka ta fi. A bazara cire rigar wayar lokacin caji, kada ka sa ta ƙarƙashin filo ko gaban mota.

9. Ajiyar da ke yin kanta

A manhajar lambobi sa sababbin lambobi su riƙa shiga Gmail, ba sim ko cikin waya ba, ka mayar da tsofaffin can. Kunna Chat backup na WhatsApp mako-mako ba tare da bidiyo ba. Google yana ba da 15GB kyauta, kuma Gmail da hotuna da ajiyar WhatsApp duk daga ciki suke ci. Wanda ba ya samun Wi-Fi ya kashe ajiyar hotuna ta kai tsaye, ya riƙa yi da hannu idan ya sayi datar dare.

10. Haɗa naka da kanka

Mai Samsung yana da Modes and Routines, mai iPhone yana da Automation a cikin Shortcuts. Sauran wayoyi su sauke MacroDroid. Na kyauta yana ba da damar haɗa saiti biyar. Gida uku gare shi: ja na sharaɗi, shuɗi na aiki, kore na ƙarin iyaka.

Ga wanda na fi so, kuma ya dace da garinmu. A jan gida zaɓi Power Connected. A shuɗi zaɓi Play Sound, ka ɗauki sauti mai ƙarfi. A kore sa lokaci, daga 11:00 na dare zuwa 5:00 na asuba. Jona wayar a soket ka kwanta ko babu wuta. Da an kawo, za ta tashe ka ka kunna famfon rijiya ko ka yi guga. Sai ka ba MacroDroid izinin wuce Do Not Disturb, in ba haka ba jadawalin barci zai danne sautin. Yi amfani da caja mai kyau da soket mai kariya, saboda wuta takan dawo da ƙarfi. Na biyu: sharaɗi batir ya kai kashi 85, aiki a yi ƙara, ga wanda wayarsa ba ta da iyakar caji.

Saitin da ke dogara da wurin da kake, kamar "idan na isa kasuwa", yana cin batir kuma yakan yi kuskure. Inda lokaci zai wadatar, yi amfani da lokaci.

Kula da izinin da manhaja ke nema. Accessibility da karanta saƙonnin tes su ne mafi haɗari, domin mai su yana iya ganin abin da ke fuskar wayarka, har da lambar tabbatarwa da banki ke turowa. Saitin wuta da na batir da na kawo ba sa buƙatar ko ɗaya daga ciki, don haka kada ka bayar. Tura kuɗi, sayen kati daga banki, da duk abin da ke neman lambar sirri, su zauna a hannunka.

Idan wani saiti ya daina aiki

Koma mataki na biyu tukuna, domin sabunta waya yakan mayar da takunkumin batir yadda yake da farko. Duba ko agogon wayar yana kan Automatic date and time. Duba ko jadawali biyu sun hau kan juna, kamar na Isha'i da na barci. Idan yanayin tsananin tanadin batir ya kunna, wanda Tecno ke kira Ultra power saving, kusan komai yana tsayawa sai ka fita daga cikinsa. Idan duk wannan bai gyara ba, goge saitin ɗaya da ya ƙi, ka sake haɗa shi daga farko, ka gwada da wayar wani kafin ka koma kan na gaba.